Unguwa biyu, na rasa wadda zan zaɓa

Assalamu alaikum jama'a. Wata 4 ke nan muna neman gida a garin da ke gefen birnin da nake aiki. Zaɓi ya tsaya kan gidaje 2, amma maganar unguwa ta hana ni sakat.

Na farko yana dab da babban titi, minti 25 na isa wurin aiki, yara ma da ƙafa za su je makaranta. Sai dai da na koma da daddare, ƙarar manyan motoci har tagogi take girgizawa, ga autanmu da ƙyar yake barci.

Na biyun a sabuwar unguwa yake, shiru, uwargida ta ƙyalla ido a kansa. Abin da ya tsorata ni, gidan a gangare yake, kuma na ga tabon ruwa a katangar maƙwabta har kusan gwiwa. Dillali ya ce an gyara magudanar, ni kuwa ban ga alamar sabon aiki ba.

Don Allah waɗanda suka taɓa saye, yaya ake gane unguwar da ke ambaliya tun kafin ruwa ya sauka? Kuma ana sabawa da ƙarar titi kuwa? Mako 2 kacal aka ba ni in yanke shawara.