Neman tsoffin sulalla: sha'awa ce ko hanyar samun kuɗi?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masana tsoffin kuɗi. Bidiyoyi sun cika Facebook da TikTok ana cewa kwabo ɗaya mai huji zai iya sayen mota, kuma an ce a Amurka akwai masu zuwa banki su ɗauko akwatin tsaba, su zauna suna tsince masu daraja. Shin masu wannan harka riba suke samu da gaske, ko kuwa sha'awa ce kawai kamar kiwon tantabara? In mutum zai fara, da me zai fara, kuma ta yaya zai bambance sulen da ke da daraja da wanda ba shi da ita?

Mai Sikeli:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in ɗauki na Amurka, tunda shi ne lissafinsa ya fi fitowa fili.

Abin da suke nema galibi azurfa ce. Tsabar santi 10 da santi 25 da rabin dala da aka buga a 1964 ko kafin nan, kashi 90 cikin ɗari azurfa ce. Daga 1965 aka cire ta, sai rabin dala kaɗai aka bar wa kashi 40 har zuwa 1970. Shi ya sa suka fi son akwatin rabin dala. Akwati ɗaya dala 500 ne, ƙunshi 50 a ciki, kowane ƙunshi tsaba 20, jimla 1,000, nauyinsa ya haura kilo 11. Ba ma shekara suke fara dubawa ba. Ana ɓare ƙunshin a kalli gefen tsabar a jere: ta zamani tana da jan layi na tagulla a tsakiya, mai kashi 90 kuwa gefenta fari ne fes. Mai kashi 40 ita ke ruɗa sabon hannu, don gefenta toka-toka ne, sai an duba shekara. Rabin dalar 1964 nauyinta giram 12.5, azurfar cikinta giram 11.25. Ta 1965 zuwa 1970 giram 11.5 ce, azurfarta giram 4.6 kawai.

To ga inda gizo ke saƙar. An shafe sama da shekara 50 ana wannan tsince-tsince, saboda haka akwatuna da yawa ba a samun ko ɗaya a cikinsu. Sai ka lissafa man mota zuwa bankin da ka yi oda, da sa'o'in dubawa, da sake ƙunshewa, da kai su wani banki dabam, domin in ka mayar inda ka ɗauko, tsabarka ce za ta sake dawo maka. Idan aka raba abin da aka samu da sa'o'in da aka ɓata, da wuya ya kai ladan ƙaramin ma'aikaci. Abin da ke sa su jurewa shi ne uwar kuɗi ba ta taɓuwa: dala 500 ka ɗauka, dala 500 za ka mayar.

Masu akwatin santi ɗaya ma haka ne. Dala 25, tsaba 2,500. Na kafin 1982 kashi 95 jan ƙarfe ne, giram 3.11, na baya kuwa zinki ne da aka shafa wa jan ƙarfe, giram 2.5. Amma tun 2006 doka ta hana narka su, sai dai a tara a ajiye. Ko gwamnatinsu ta san sha'awa ce ke jan mutane: a 2019 da 2020 da gangan aka buga santi 25 mai harafin W, alamar masana'antar da ta buga shi, miliyan biyu-biyu na kowane zane, aka cakuɗa cikin na kasuwa don mutane su riƙa duba canjinsu.

Akwai kuma tsabar da aka sayar dala miliyan 18.9 a 2021, amma ta zinariya ce ta dala 20 ta 1933, ita kaɗai ce doka ta yarda wani ya mallaka a cikin irinta. Ba a canjin kanti ake tsintar irin wannan ba.

Taro da Sisi:

Malam Mai Sikeli ya gama da na waje. Ni zan yi magana kan namu, domin kwabo mai huji shi ne asalin tambayar.

Tsufa ba ya sa wa tsaba farashi. Abu uku ne: ƙarancinta, lafiyar jikinta, da yawan masu nemanta. In ɗaya ya faɗi, farashi ya faɗi.

Anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo masu huji da tauraro mai tsini shida an buga su miliyoyi a shekaru da dama, daga 1907 har ƙarshen shekarun 1950. Anini goma ne kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Wato anini 2,400 ne fam ɗaya, sai ka auna yawan da aka zuba a kasuwanni daga Kano har Kumasi da Banjul. Wanda ya sha hannu ya goge, a kasuwar duniya a kwano ake zuba irinsa ana sayarwa da araha.

Misalin da ya fi yaudarar mutane shi ne na 1936 mai sunan Sarki Edward VIII. Gaskiya ne bai cika shekara a kan gadon sarautar Ingila ba, ya hau a Janairu ya sauka a Disamba, kuma ba a saki tsaba mai sunansa a Ingila kanta ba. Amma a Afirka ta Yamma an buga anini da ɗari da kwabo da sunansa masu ɗimbin yawa, kuma mutane sun yi ta ɓoyewa tun a lokacin. Labarinsa mai daɗi ne, kuɗinsa kaɗan.

Ga abin da ya cancanci a tsaya a duba da gilashin ƙara girma mai ninki 10:

Aninin farko, na 1907 da wani ɓangare na 1908, da sanholo aka yi shi, yana cikin tsabar sanholo ta farko a duniya. Bai jure gumi da damshi ba, sai aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel. Ka ɗaga shi za ka ji kamar ba komai a hannunka. Samun wanda bai ci ba, rubutunsa na boko da na Larabci duk a fito, shi ne wahalar, kuma shi masu tarawa ke biya.

Sai ƙaramin harafin masana'anta. H na masana'antar Heaton ne a Birmingham, KN na ta King's Norton, SA na ta Pretoria, wanda ba harafi na masana'antar gwamnatin Ingila ne. Kwabo biyu za su zo shekara ɗaya, zane ɗaya, amma ɗaya an buga shi da yawa, ɗaya kaɗan, bambancin duka a wannan harafi yake. Shafin intanet na Numista yana jera kowace shekara da harafinta da adadin da aka buga, kyauta. Duk wanda bai iya karanta wannan jeri ba bai fara ba tukuna.

Kuɗin Tarayyar Nijeriya na 1959 da kobo-kobon 1973, har da kobo 25 mai dalar gyaɗa, suna da daɗin tarawa da nuna wa yara, amma in ba sabbi ne ful da ba su taɓa shiga kasuwa ba, kada a sa musu rai da kuɗi.

A ganina, mutum goma da suka daɗe a harkar, abin da ke riƙe su shi ne cike gurbi: a samu kowace shekara da kowane harafi. Mai neman kuɗi zalla yakan gaji cikin wata kaɗan.

Maƙerin Fari:

Yallaɓai Taro da Sisi, ban yarda a rufe ƙofar riba gaba ɗaya ba. Akwai ta, sai dai a ƙarfen take, kuma wanda ya san awo ne ke cinta.

Taro da sisi da sule da fataka (sule biyu) na Afirka ta Yamma daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kashi 92.5. Sule giram 5.66, fataka giram 11.31, sisi giram 2.83. A 1920 aka rage azurfar zuwa rabi, daga nan aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. Duka bishiyar kwakwar manja ce a bayan sule da fataka, saboda haka shekara da launi za ka duba. Na Ingila kanta: kafin 1920 kashi 92.5, daga 1920 zuwa 1946 kashi 50, daga 1947 babu azurfa ko ɗigo. Tsohon riyal na azurfa na Saudiyya da alhazai suka riƙa dawowa da shi kimanin giram 11.6 ne, kashi 91.7.

Babbar ita ce dalar Mariya Tareza ta Ostiriya, wadda dattawa ke kira liyari. Giram 28.06, kashi 83.3, azurfa tsantsa giram 23.39. Da ita fatake suka yi ciniki tun kafin Turawa. Lokacin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 wuri 2,500 ake canza dala ɗaya. Kowa ya ga 1780 a jikinta sai ya ɗauka ta shekara ɗari biyu da ɗoriya. Ba haka ba ne. A 1780 sarauniyar ta rasu, aka daskarar da shekarar, aka ci gaba da bugawa a Biyana da Landan da Faris da Rum da Bombay, sama da miliyan 300, kuma har yau ana buga ta. Mafi yawansu kuɗin azurfarsu ne da ɗan ƙari.

Lissafin saye: nauyi sau kashin azurfa, sau farashin giram na ranar. Farashin duniya a kan oza ake faɗa, oza ɗaya giram 31.1. Ka saya ƙasa da wannan a wajen 'yan koli ko 'yan gwangwan, ka sayar kusa da shi. Ribar siririya ce, jabu ɗaya na iya cinye ta goma.

Gwaji kafin ka biya: sikeli mai auna har 0.01 na giram. Mayen ƙarfe, domin azurfa ba ta kama shi. Sai ƙara, ka ɗora ta a kan yatsa ka ƙwanƙwasa, ta gaske tana doguwar ƙara, ta dalma tana mutuwa nan take. Wanda ya fi duka shi ne awon ruwa. Ka auna ta a bushe. Ka ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifiri, ka ɗaure ta da zare ka nutsar ba tare da ta taɓa gindin kofin ba, ka raba nauyin farko da na biyu. Liyari na gaske zai ba ka wajen 10.2. In ka ga 8.5 zuwa 8.9, tagulla ce aka yi wa wanka. Ka duba gefenta kuma, akwai rubutu mai tudu a zagaye. Ta zubi takan zo da layin haɗi da ƙananan ramuka kamar na ƙyanda.

Wadda aka huda ko aka liƙa wa kunne don kitson Fulani ko abin wuya ta fita daga hannun masu tarawa, sai a kan nauyi.

Sabon Shiga:

Allah ya saka da alheri, malamai. Saura biyu. In sun yi baƙi, a wanke su kafin a nuna wa mai saye? Sannan masu cewa akwai wani sinadari a cikin anini da Turawa ke saye da miliyoyi fa?

Malama Mai Kundi:

Ƙanena, don Allah kada ka wanke. Toka, tsamiya, lemun tsami, kanwa, Brasso, soson ƙarfe, duk suna cire fatar saman tsabar, su bar ƙananan zane-zane da mai saye zai gani da gilashi cikin daƙiƙa. Baƙin da shekaru suka sa wa azurfa ado ne a wajen masu tarawa, wankakkiya kuwa takan rasa rabin kuɗinta ko fiye. In ƙasa ce ta manne, a jiƙa a tataccen ruwa kwana ɗaya ko biyu, a ɗauraye, a dangwala da tsumma mai laushi, ba gogewa. In maiƙo ne ko danƙon salatif, a tsoma a sinadarin asiton (acetone) tsantsa minti kaɗan, ba na goge farce mai turare ba, kuma nesa da wuta.

A riƙa kama ta ta gefe. Kowace a ƙaramin ambulan na takarda, a rubuta shekara da harafi da nauyi da kuɗin da aka saya. A guji leda mai laushi irin ta PVC, da zafin ƙasarmu takan zubo wani koren danƙo da ke cin ƙarfe. A sa ƙunshin shanye damshi a akwatin kafin damina. Kwabon tagulla da ya fito da koren gari mai ɓarɓashi a ware shi daga saura, cutar ba ta tsayawa da kanta.

Batun sinadari ƙarya ce. Anini sanholo ne, ko jan ƙarfe da nikel, ko tagulla a na ƙarshe-ƙarshe, ba wani abu a ciki. Salon damfarar ɗaya ne: wani ya yi maka tayin miliyoyi, sannan a ce ka biya kuɗin gwaji ko rajista ko na aikawa, ko kuma abokinsa ya ɓullo yana sayar da irinsa ka saya don ka ƙara yawa. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai sayarwa.

Wajen farashi kuma, abin da mutum ya rubuta yana nema a shafin saye da sayarwa na eBay ba shi ne farashi ba, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Ka duba jerin waɗanda aka riga aka sayar. Daga nan ka cire la'adar shafin, wadda ta haura kashi 10, da kuɗin aikawa. Kamfanonin tantancewa irin PCGS da NGC suna ba da maki daga 1 zuwa 70 su rufe tsabar a roba, amma kuɗin aikin da na kai da kawowa ya fi ƙarfin yawancin abin da ke hannun mutane a nan.

Mai Sikeli:

Ƙari kan na Malama, saboda doka. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana lalata ko cinikin takardun naira da tsabar da bankin ya fitar, don haka kada a taɓa narka kwandalar naira ɗaya da biyu ta 2007. Abin da aka tono daga ƙasa ko kufai kuma yana iya faɗawa ƙarƙashin dokar kayan tarihi ta 1979, fitar da shi waje sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. A fara kai shi gidan tarihi mafi kusa a tambaya, kafin a yi maganar mai saye.