Wanda Amurka ta ce ya jira layi

Abin da mutanenmu na unguwar Aboabo a Ghana suka tattauna kan yaran da jami'o'in Amurka ke sa wa a jerin jira, galibi dai sun ce kar yaro ya zauna gida, ya shiga jami'ar Ghana irin KNUST ko Legon ya dage da karatu, don in ya zo neman taransifa, wato komawa jami'ar Amurka daga tasa, makin jami'a da wasiƙun lakcarori za su fi dubawa, ba sakamakon WASSCE (jarrabawar gama sakandare) kaɗai ba. A jami'o'in Amurka, Cornell na ɗaukar masu taransifa da dama, Harvard kuwa ƴan tsiraru ne. Wajen watan Maris yawanci ake rufe fom ɗin taransifa. Ni abin da ya fi damuna kuɗi ne wallahi, tallafin ɗalibin waje mai taransifa kaɗan ne, a tambaya tukuna kafin iyaye su ci bashi.