Abinci ya gagare mu a Kyoto, a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwananmu huɗu a Kyoto, ni da maigida da yara da Hajiya surukata. Jiya a lambun Ryoan-ji yara suka yi ta ƙirga duwatsun nan 15, kullum ɗaya sai ya ɓuya musu.

Abincin ne matsala. Alade mun iya kauce masa, amma mirin, giyar shinkafar nan mai zaƙi, a miya ma zuba ta suke. Hajiya ta koma burodi da shayi, har ta fara ramewa.

An ce mu gwada shojin ryori, girkin masu ibadar Buda marar nama. Shi ma da mirin ake yi? Kuma yaya zan tambayi mai kawo abinci ya gane? Jibi za mu wuce Kanazawa.