Su wa ake ce wa 'yan bati?

Alƙalamin Dare: Assalamu alaikum. Yau dai sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Watanni na yi ina taifin littafi a waya har idona ya fara ciwo, na sa masa naira 500 kacal. Ban kai rabi ba na gan shi yana yawo a zaurukan WhatsApp, har wata baiwar Allah ta turo mini tana cewa in karanta, ya yi daɗi. Littafina fa! "Allah ƙara basira" ba ta sayen data. Mai ƙaunar marubuci da gaske ya biya. In ba shi da hali ya tallata shafukan kyauta, ya yi sharhi, ya tsawatar wa masu fitarwa. Amma yawancin makarantanmu 'yan bati ne.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Anti, 'yan bati kuma? Mu ɗin da muke kwana muna jiran ki saki shafi?

'Yar Fagge: Ta faɗi gaskiya. Wanda ya tsargu da shi ake.

Maman Biyu: Ba da ke nake ba, 'yar kanzagi. Kowa ya san kyauta take ba ki littattafanta, don haka a layin batin ma ke ce a gaba.

'Yar Fagge: Wanda mai abu ya ba shi da hannunsa ba ɗan bati ba ne. Ɗan bati shi ne wanda ya zo ba a gayyace shi ba.

Malamin Hausa: Ku yi haƙuri in sa baki. Karatu ba tare da saye ba ai tsohon abu ne a wajenmu. Littattafan gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Baturen nan Rupert East ya shirya, waɗanda aka buga a Zariya, yawancinmu a makaranta muka karanta su, ba da kuɗin aljihunmu ba. Haka waɗanda kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, ya riƙa bugawa tun kafa shi a 1966. Shin mu ma 'yan bati ne?

Tsohon Ɗan Sabon Gari: Malam, naku hukuma ce ta saya, kuɗi ya shiga. Ni na yi sana'ar littafi a kasuwa lokacin da adabin kasuwar Kano ke tashe. Akwai masu ba da haya a unguwanni, mace ta biya ɗan abin da ba a rasa ba ta karanta ta dawo da shi. Kwafi ɗaya sai ya zaga gida goma. Amma mai hayar sai da ya zo ya saya, in ya yage ya dawo ya sake saye, in na ɗaya ya yi daɗi a yi layin na biyu da na uku. Yanzu mutum ɗaya ya biya, dubu su karanta, kuma dokumen ba ya yagewa.

Maman Biyu: Yawwa Baba, ka ga ashe aro ba bati ba ne.

Tsohon Ɗan Sabon Gari: Ban ce haka ba, 'yata. Kada ki sa mini magana a baki.

'Yar Maraɗi: Ni kalmar ce ta yi mini zafi. Mu a Nijar da sefa muke, asusun naira ba kowa ke da shi ba. Sau da yawa sai ka nemo wanda zai tura maka, ko ka sayi katin waya ka aika, marubuciya ta ce ba ta karɓar kati. In na ga littafin a wani zaure na karanta, laifin wa? Ku fara sa lambar da za mu biya ta nan tukuna.

Alƙalamin Dare: 'Yar uwa, ban da ke. Ina da wadda ke karɓar mini a Damagaram, yi mini magana ta gefe.

Ɗan Birnin Zazzau: To wai ma tsaya. Kafin a ce wa mutane 'yan bati, me ake sayar musu? Rubutu ba aya ba waƙafi, ƙ da k duk ɗaya, rabi Turanci, ga batsa. Marubutan da suka sha wahalar maɗaba'a su ne marubuta.

Gimbiyar Alƙalami: Ga shi nan an fara. Yaya, littafi nawa ka saya na waɗanda suka sha wahalar maɗaba'ar a bana? Kuma ba mu muka fara shan wannan zargin ba. A 2007 ƙona littattafan soyayya aka yi a Kano, lokacin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jihar, A Daidaita Sahu, kuma bugaggu ne, babu na waya ko ɗaya. Yau su ne kuke kira na ƙwarai.

Ɗan Birnin Zazzau: Dama ai Kano ce ta mayar da adabi kayan koli.

'Yar Fagge: Kar ka taɓa Kano. In ba don Kano ba da tuni rubutun Hausa ya tsaya a manhajar jarrabawa. Matan aure nawa suka iya karatun boko saboda waɗannan littattafan da kake rainawa?

Ɗan Birnin Zazzau: Kawo alƙaluma.

'Yar Fagge: Je ka tambayi yayyenka.

Malamin Hausa: A yi hattara da iyaye da yayye, don Allah. Ɗan Zazzau, a cikin masu rubutu a waya akwai masu shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, kuma alƙalanta ba sa wasa da ƙa'idar rubutu. Kada a yi musu kuɗin goro.

Lauyan Gobe: Magana ta doka: dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta shafi abin da aka sa a intanet. Mai tura littafin kuɗi ba izini, ko mai karanta shi a YouTube yana cin kuɗin talla, ya taka doka. Sunansa ba ɗan bati ba ne, ya wuce nan.

Maman Biyu: To ka ji. Masu fitarwa daban, mu masu tsinta daban. Ta janye kalmar kawai.

Gimbiyar Alƙalami: Tsintuwa a ina? Kin ga an rubuta "na kuɗi ne, kada a fitar" a saman kowane shafi, da Allah ya isa da komai, kika wuce kika karanta.

Maman Biyu: Allah ya isan ma wani abin ne. Ke ba ke ce kika karɓi kuɗinmu bara kika tsaya a tsakiyar labari ba? Wai waya ta faɗa ruwa. Har yau muna jira. Wannan me sunansa?

Gimbiyar Alƙalami: Haihuwa na yi, kuma na sanar.

Maman Biyu: Yaron ai ya fara tafiya.

Mai Nazari: Ni dai abin da nake yi: in littafi ya burge ni ina biya, in sa shafin farko a status da lambar marubuciyar, in na je biki in ba da labarinsa in ƙi faɗin ƙarshe. Kuma marubuta su daina dogara da wuri ɗaya. A manhajar Wattpad yawanci kyauta ake karantawa, manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks kuwa ta rufe a 2023.

'Yar Fagge: Mun ji. Maman Biyu, ki fara biyan na Anti kafin ki nemi ƙarshen na Gimbiya.

Uwar Zaure: Ya isa haka, zan rufe sai da safe. Abin da na fahimta, kuma ni ma marubuciya ce kun sani: kusan kowa ya yarda cewa marubuta ake zalunta, kuma Lauya ya tabbatar da haka a doka. Kalmar bati ba zagi ba ce, in an duba sauƙi ma ta yi. 'Yan uwanmu na Nijar suna da uzuri, za a duba. Batun littafin da ba a ƙarasa ba ba nan ne wurinsa ba, a bi ta gefe. Daga yau duk wadda aka kama ta turo littafin kuɗi a nan za a cire ta. Af, nawa sabon yana fita ranar Juma'a, naira 700, masu so su yi magana.

Maman Biyu: Hajiya, kafin ki rufe, wane ne "kusan kowa"? A ƙirga. Kuma ni dai a dawo mini da ɗari biyar ɗina ta bara.