Musayar gogewa: aiki da filaye masu iyaka a cikin sikirif

Mai buɗe zance: Jama'a, ina neman jin abin da kuka gani wajen mayar da lissafin filaye masu iyaka (finite fields, waɗanda ake rubutawa GF(n), n kuma yawan mambobinsu) daga allon manhajar lissafi ta SageMath (Sage) zuwa fayil ɗin Python. Abin da na lura da shi shi ne rubutu irin k.<a> = GF(2^8) yana aiki ne kawai saboda Sage yana gyara shi kafin ya miƙa wa Python, don haka a fayil mai ƙarewa da .py dole a rubuta GF(2**8, 'a').

Amsa ta farko: Haka ne, Malam, kuma alamar ^ ta fi haɗari, domin a Python tana nufin XOR (kwatanta lambobi biyu bit-bit), ba ɗaga lamba zuwa ƙarfi ba kamar a Sage. Idan aka rubuta 2^8 za a sami 10, shirin ya tsaya nan take tunda babu fili mai mambobi 10. Amma 3^4 yana ba da 7, kuma na ga sikirif da ya gina GF(7) a madadin fili mai mambobi 81 ya ci gaba da aiki ba tare da wani gargaɗi ba.

Amsa ta biyu: Ni abin da ya fi cin mini lokaci shi ne folinomiyal ɗin da ake gina filin da shi. Sage da GAP (wata manhajar lissafi) suna ɗaukar daidaitaccen folinomiyal da ake kira na Conway idan ba a faɗa musu komai ba, wanda a GF(256) shi ne x^8+x^4+x^3+x^2+1, alhali tsarin ɓoye bayanai na AES yana amfani da x^8+x^4+x^3+x+1. Filayen biyu tsarinsu ɗaya ne, amma sakamakon ninkawa yana bambanta idan aka mayar da shi bayit. Haka kuma a na AES, x ba ya samar da dukkan mambobi 255 waɗanda ba sifili ba, domin yana dawowa 1 bayan ninki 51. X+1 ne yake samar da su. Shi ya sa nake rubuta modulus, wato folinomiyal ɗin, ƙarara a kowane sikirif, ko da na Conway nake so.

Amsa ta uku: Game da faɗaɗawa, GF(16) yana cikin GF(256) tunda 4 tana raba 8, amma idan kowanne an ba shi nasa sunan, Sage ba ya haɗa mambobinsu da kansa. Na fi amfani da umarnin extension tare da map=True, in adana taswirar shigar da ƙaramin filin cikin babban, in riƙa kiranta duk inda ake bukata.