Tsutsar ciki a tumaki da awaki: wa ya gwada jiƙon maɗaci?

Mai tambaya, Gumel: Salamu alaikum 'yan uwa. Damina ta zauna, tumakina sun fara zawo, gashinsu ya tashi, wasu ƙasan haɓarsu ya kumbura. Maganin asibiti ya yi tsada. Duk wanda ya taɓa ba dabbobinsa sassaƙe ko ganye, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Dattijo, Dakoro: Wa alaikumus salam, ɗana. Mu da sassaƙen maɗaci muka tashi. Akan jiƙa shi ya kwana, a tace, a sa 'yar kanwa, a ɗura wa dabba da safe kafin a kora kiwo. Zawo na tsayawa, cin ciyawa ya dawo. Sai dai ɗacinsa ba wasa ba ne. Na ga ɗan rago ya galabaita don an cika masa, shi ya sa ƙanana rabin na manya nake ba su. Mai ciki kuwa ba na ba ta ko kaɗan.

Mai kiwon awaki, Funtuwa: Baba ya yi gaskiya. Ni ganyen darbejiya da shuwaka nake dakawa. Awakina sun murmure, amma kafin kaka ramar ta dawo. Garin 'ya'yan bagaruwa a cikin dusa ya fi yi min aiki wajen zawo.

Makiyayi, fadamar Haɗeja: Mu nan ciwon tsutsar hanta ne ya dame mu, wanda shanu ke ɗauka a ciyawar bakin ruwa inda katantanwa take. Na ba da marke, na ba da maɗaci, ban ga canji ba. Sai da likita ya zo.

Malamin dabbobi, Zariya: Malam mai tambaya, ka ja fatar idon tunkiyarka ƙasa ka duba. In cikin fatar ja ne, jiƙon zai iya rage tsutsa. In ya yi fari ga haɓa ta kumbura, tsutsar mai shan jini ce, ka ba ta maganin tsutsa na asibiti, albendazole ko levamisole, yau. Albendazole ban da mai sabon ciki. Ka kai kashinsu ofishinmu mafi kusa a duba ƙwan tsutsa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba, idon tumaki biyu ya yi fari fat. Su zan sayo wa magani, sauran in fara musu maɗacin Baba.