Tsakanin Ryzen 5 5600X da Core i5-12400, me ya sa gwajina yake ba ni amsa biyu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman wanda ya san harkar furosesa ya fitar da ni daga duhu.

Kwamfutoci biyu ne a gabana, ɗaya zan riƙe don aikin tace bidiyo. Ɗaya tana da Ryzen 5 5600X na AMD, wanda ya fito a 2020, ɗayar kuma Core i5-12400 na Intel, na 2022. A takarda kamar tagwaye suke: kowanne cibiyoyin sarrafawa 6, layukan aiki 12, wat 65. Na AMD yana kaiwa 4.6 GHz da ma'ajiyar L3 (ƙaramar ma'ajiya mai sauri a cikin furosesa) mai MB 32, na Intel kuwa 4.4 GHz da MB 18. Da na ga haka sai na ɗauka magana ta ƙare, na AMD ne a gaba.

Da na gwada su da Cinebench, manhajar auna ƙarfin furosesa, sun kusa yin kunnen doki. Amma a HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, na Intel ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau, abin da ya ɗaure min kai ke nan. Ina zargin Quick Sync, fasahar Intel da ke sarrafa bidiyo ta sashen zane, tunda 12400 yana da sashen zane a cikinsa, 5600X kuwa ba shi da shi. Idan shi ne ya yi aikin, ai ban gwada furosesan kansa ba.

Sannan RAM ɗinsu ba ɗaya ba ne: na AMD sanda ɗaya ce, na Intel biyu. Kuma a zagaye na uku na gwaji, na AMD yakan yi zafi, makinsa ya sauka.

To, wane saiti zan daidaita kafin gwajin ya zama na adalci? Kuma sau nawa ya kamata in maimaita shi? Na gode.